Amsar tambayarka game da kwalejin da 'yar'uwarka ta shiga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kai da mahaifanka kuna cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce labari ya je gida cewa 'yar'uwarka ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma maimakon jami'a sai na sa ta a wata kwaleji ta shekara biyu da ke kusa da gida, har wasu suna cewa ko dai ta fāɗi ne ana ɓoyewa, ko kuwa ni ne na yi rowa. Sai ka tambaye ni ko wannan al'adar mutanen Amurka ce, kuma daga ina ta samo asali. Na ji daɗi da ka zo gare ni kai tsaye, ɗana, ba ka tsaya ga abin da ake faɗa a zaure ba, don haka zan ba ka amsa cikakkiya.

Al'ada ce, kuma tsohuwa. Irin waɗannan makarantu, waɗanda ake kira kwalejojin al'umma, sun faro ne a garin Joliet na jihar Illinois a 1901, da ɗalibai shida kacal, lokacin da shugaban makarantun sakandaren garin da shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, suka ga cewa darussan shekara biyu na farkon jami'a ana iya koyar da su a gida, ba sai yaro ya yi ƙaura ba. Amma abin bai bazu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da dokar 1944 ta ɗauki nauyin karatun sojojin da suka dawo daga fagen daga, jami'o'i suka cika har suka rasa inda za su sa mutane, sannan kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawara a 1947 cewa a shimfiɗa irin waɗannan kwalejoji a ko'ina cikin ƙasar.

Tamu, wato Kwalejin Montgomery da ke gundumar Montgomery ta jihar Maryland, arewa da birnin Washington, a wannan zamanin aka haife ta. An buɗe ta a watan Satumba na 1946 da ɗalibai 186, kuma ba ta da ko ɗaki ɗaya nata na kanta. Aron azuzuwan makarantar sakandaren Bethesda-Chevy Chase ta yi, ana jira yara su tashi da rana, manya su shigo da yamma. Ina so ka riƙe wannan, domin shi ne halin makarantar har yau: mutumin da ya wuni yana neman abinci shi aka fara tunawa da shi. A 1950 ta sami wurin zama a Takoma Park, inda ta karɓi ginin wata tsohuwar makarantar koyon aikin lantarki mai suna Bliss, kuma wannan shi ne reshenta na farko.

Akwai wani ɓangare na tarihin da ba zan tsallake ba, ko da yake ba mai daɗin ji ba ne. A waɗannan shekarun doka ta raba makarantun fararen fata da na baƙaƙe, saboda haka baƙar fata ba su da hanyar shiga wannan kwalejin, sai aka buɗe musu tasu dabam a Rockville, haɗe da makarantar sakandaren da ke ɗauke da sunan George Washington Carver. Bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1954 cewa wannan rarrabuwa ta saɓa wa tsarin mulki, sai aka haɗe ta da Kwalejin Montgomery. Duk ranar da na ga 'yata ta saɓa jakarta ta nufi aji, da hijabinta, tare da 'ya'yan Habasha da na Kamaru da na El Salvador, nakan tuna cewa ƙofar nan wasu ne suka sha wuya kafin ta buɗe.

Daga nan girman kwalejin ya bi girman gundumar sawu da ƙafa. Mutanen gundumar ba su fi 164,000 da 'yan kai ba a 1950, amma kafin 1970 ta wuce sun haura rabin miliyan, domin ma'aikatan gwamnatin tarayya suna ta barin tsakiyar birni suna gina gidaje a inda dā gonaki ne. Hukuma ba ta ce kowa ya riƙa tafiya Takoma Park ba. A 1965 aka buɗe reshe na biyu a Rockville, hedikwatar gundumar, wanda shi ne mafi girma a yau, kuma da gidaje suka ƙara miƙawa arewa sai aka buɗe na uku a Germantown a 1978. Kowane reshe ya ɗauki kamannin unguwarsa. Na Takoma Park ya faɗaɗa ya shiga Silver Spring, can ne cibiyar koyar da aikin jinya da sauran ayyukan asibiti take. Na Germantown yana kan babbar hanyar da kamfanonin haɗa magunguna da binciken halittu suka yi jerin gwano a bakinta, shi ya sa ya ƙware a wannan fanni, har ma an buɗe asibiti sukutum a cikin harabarsa a 2014. Yanzu da mutanen gundumar suka haura miliyan ɗaya, an ƙara buɗe wata cibiya a gabashinta, inda baƙi irinmu suka fi yawa, saboda a dā ɗalibin wannan yanki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai aji.

Ga yadda tsarin yake aiki. Wanda duk ya gama sakandare ana karɓarsa, sai dai a auna Turancinsa da lissafinsa a san ajin da ya dace da shi. Idan ya yi shekara biyu ya ci darussansa, sai a ba shi takardar shaida, ko ya kama aiki da ita, ko ya ɗauki darussan da ya ci ya wuce jami'a ya shiga a aji uku, bisa yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejojin da jami'o'in jihar. Digirin da zai karɓa a ƙarshe daidai yake da na wanda ya fara tun daga aji ɗaya, babu wata alama a jikinsa. Kuɗin tafiyar da kwalejin yana fitowa daga gunduma da jiha da aljihun ɗalibai, don haka aka kasa kuɗin makaranta gida uku: mazaunin gundumar shi ya fi samun sauƙi, sai mazaunin jihar, sannan wanda ya zo daga waje. Ni da na shekara fiye da talatin ina biyan haraji a nan, ina ganin wauta ce in bar abin da gumina ya gina in je in ɗora wa yarinya bashin da za ta shekara ashirin tana biya.

Ba zan ɓoye maka ba, a nan ma akwai masu yi wa kwalejin kallon ƙasƙanci, kuma gaskiya ne cewa da yawa daga cikin masu shiga ba sa kammalawa, galibi saboda aiki da iyali sun danne su. Amma ni shaida ne a kanta. Lokacin da nake tuƙin tasi, da dare nake zuwa ajin lissafin kuɗi, kusa da ni wata dattijuwa ce mai jikoki, domin dokar jihar ta ɗauke wa wanda ya kai shekara 60 kuɗin darasi, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta me ya kawo ta. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, tun da na tashi ina ganin magidanta da furfurarsu suna ɗaukar karatu a zauren malam bayan sallar isha'i. Sannan akwai abin da ya fi kwantar mini da hankali a matsayina na uba: 'yar'uwarka tana kwana a ɗakinta, tana cin tuwon mahaifiyarta, muna azumi tare, har lokacin da hankalinta zai ƙara nuna.

Tun da na fahimci kai ma kana da sha'awar zuwa, ka sani cewa ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa kuɗin mataki na uku yake biya, kuma kwalejin ba ta da ɗakunan kwanan ɗalibai, saboda haka maganar masauki tana wuyana idan Allah ya nufa. Ka fara shawara da mahaifinka, sannan ka aiko mini da hoton sakamakon jarrabawarka in kai ofishin ɗaukar ɗalibai na Rockville su duba. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Naka,
Baffanka