Shingen lalle: yadda zai cika tun daga gindi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Marwa ta ƙasar Kamaru, na gaji da sauya zana duk shekara. Na dasa bini-da-zugu a gaban gida, amma rani na yi ya kaɗe ganye, mai wucewa yana hango tsakar gida. Me zan dasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Halin bini-da-zugu ke nan. Ka koma ga lalle: yana jure zafin Maris da Afrilu, kuma muddin yana shan ruwa ba ya tsiraita, sai ɗan ganyen da hunturu ke zubarwa.

Ka jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Ka yanko rassan da suka ƙosa, kaurin fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30. Ka haƙa dogon kwari mai zurfin santimita 40, ka cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu gara yake kira, ita kuwa reshen da bai yi saiwa ba take fara ci. Ka binne rabin kowane reshe, tazarar santimita 40. Idan wurinka baƙar laka ce irin ta karal, ka zuba yashi ka ɗaga kunya, don ruwan Agusta in ya kwanta saiwar ruɓewa take yi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne aski. Mutum ya ga lallensa ya miƙe, sai ya ji tausayin yankewa. Bayan shekara biyu sama ta cika, ƙasa kuwa sanduna ne zalla, har akuya ta ratsa. Da ya kai santimita 50, ka datse shi ya dawo 30. Kowane reshen da ka yanke zai fito da 'ya'ya biyu ko uku. Ka maimaita idan ya ƙara tsawo, kana barin gindin ya fi saman faɗi domin rana ta samu ganyen ƙasa. Lallen da aka bari ya tsufa ba aski ƙaya yake yi, ganyen ya ragu.

A ranin farko, bokiti ɗaya ga kowace mita, sau biyu a mako, da yamma. Kada ka cire zanar tukuna, ita ce za ta kare shi daga awaki har ya yi ƙarfi. Ganyen askin kuma a shanya a inuwa, uwargida ta samu na ƙunshi.