Tambaya da Amsa: Zafi ya tafi, in koma fili?

Assalamu alaikum. Ina buga wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu gaba. Ina tsakiyar gudu na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan cinya. Yanzu mako guda ya wuce, ina tafiya lafiya lau, kuma muna da wasan kusa da na ƙarshe ranar Asabar. In buga? Daga Gusau.

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka haƙura da wasan Asabar. Abin da ka ji yagewar tsoka ce. Jiki kan fara like wurin da tabo mai rauni, zafi ya ɗauke, amma ƙarfin bai dawo ba. Tafiya ba ta gwada wannan tsokar. Abin da ke gwada ta shi ne gudu mai ƙarfi, daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba kafin ta taka ƙasa, domin a nan tsokar take miƙewa kuma take taka birki a tare. Shi ya sa yawancin masu fama wannan ciwo suke fama shi a makonnin farko da komawa, kuma na biyun ya fi daɗewa bai warke ba.

Ƙaramar yagewa takan ci mako 1 zuwa 3, matsakaiciya mako 4 zuwa 8. Idan wurin ya yi baƙi ko ka ji rami a tsokar, wannan maganar asibiti ce. Amma kada ka tsaya ƙidayar kwana, gwada ƙafar za ka yi. Danna wurin da yatsa, kada ka ji komai. Kwanta rigingine ka ɗaga ƙafar a miƙe, ta kai inda ɗayar take kaiwa. Juya rubda-ciki, abokinka ya riƙe diddigenka kana ja, ƙarfin ya zo ɗaya da na lafiyayyar. In ka haye waɗannan, sai gudu: rabin ƙarfi yau, ka ƙara jibi, a hankali har ka kai ƙarshen gudunka ba ka jin wurin yana ja, washegari ma ka tashi garau. Daga nan ka yi cikakken atisaye da 'yan ƙungiya na mako guda kafin wasa.

Ko manya ba su tsira ba. Diego Costa ya shiga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2014 da wannan ciwo, minti 9 Atletico Madrid ta cire shi.

Bayan ka warke, riƙe wannan atisaye: durƙusa a kan tabarma, wani ya danne idon sawunka, ka riƙa sulalewa gaba a hankali jikinka a miƙe har ka tare da hannu. Fara da sau 5, zubi biyu. Bincike ya nuna yana rage wannan ciwo da kusan rabi.

Akwai mai kemis da ke yi wa 'yan wasanmu allurar kashe zafi kafin wasa. Da matsala? Daga Maraɗi.

Da matsala babba. Allura zafin take ɓoyewa, ba ta ɗinke komai, sai mutum ya taka targaɗe ya mai da shi tsinkewar jijiya bai sani ba. Diclofenac da ire-irensa, ga rana ga gumi ga ƙarancin ruwa, suna taɓa ƙoda da ciki. Tramadol kuwa hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni a duniya, ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Duk wanda ba zai iya wasa ba sai da allura, wurinsa benci.

Watanni biyar ke nan da yi wa ɗana aikin jijiyar cikin gwiwa, wadda likita ya kira ACL. Kocinsu ya ce tunda yana gudu ya dawo. Mene ne shawararku? Wata uwa daga Kaduna.

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma kocin ya yi gaggawa. Jijiyar da aka dasa masa tana ɗaukar watanni kafin ta kama ƙashi ta yi ƙwari. Gudu miƙe ba ya tambayar ta komai, aikinta yana wajen juyi da birki da dirowa daga tsalle, waɗanda su ne ƙwallon. Wani bincike na 2016 a kan 'yan wasa a Amurka da Norwe ya gano cewa kowane wata da aka jinkirta, har zuwa na 9, yana rage haɗarin sake jin ciwon da kusan rabi.

Wata 9 ɗin ma ba shi kaɗai ba ne. Likitan gashin ƙashi zai auna ƙarfin tsokar gaban cinya, dole ta kai kashi 90 cikin 100 na ɗayar ƙafar. Haka tsallen ƙafa ɗaya: in lafiyayyar ta yi santimita 150, mai ciwon ta yi aƙalla 135, ya dire daram, gwiwar ba ta karkata ciki ba. Kumburi bayan atisaye alama ce a ja baya. Izinin komawa na likita ne, ba na koci ba, ballantana na masu cewa ga ɗan leƙen 'yan wasa zai zo kallo.

Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 17. Biyu sun yi karo da kai, ɗaya ya tashi yana tangaɗi, aka zuba masa ruwa ya ce ya warke. Ya kamata in bar shi ya ci gaba? Daga Jos.

A'a, Malam, ko da wasan ƙarshe ne. Ba sai yaro ya suma ba ƙwaƙwalwarsa take girgiza, yawanci ma ba sa suma. Kuma maganarsa ba hujja ba ce, tunda abin da zai yi hukuncin da shi ne ya bugu. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya ci gaba da wasa bayan an buge shi a kai, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe.

Haɗarin shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Ga matasa yana iya kumbura ƙwaƙwalwa cikin mintuna, har ya yi kisa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ba a gwada sa'a da shi. Wannan ya shafi 'yan dambe ma, masu shan ƙasa yau su sake ɗaure hannu gobe.

Cire shi nan take, kada ya koma a ranar, kada a bar shi shi kaɗai ko ya hau babur da kansa. Ya huta awa 24 zuwa 48, ya rage kallon waya, likita ya gan shi. Daga nan a bi mataki-mataki, kowanne aƙalla kwana guda: tafiya, sassarfa, gudu da ƙwallo shi kaɗai, atisaye ba karo ba buga ƙwallo da kai, cikakken atisaye da izinin likita, sannan wasa. In ciwon kai ko jiri ya dawo, a koma matakin baya. Yaro sai ya iya zaman aji lafiya kafin a yi zancen fili.

Idan kuwa yana amai a kai a kai, ciwon kan yana ƙaruwa, barci yana rinjayarsa har ana tashinsa da ƙyar, ya yi jijjiga, wuyansa na ciwo, ko hannu ko ƙafa ta mutu, a wuce da shi asibiti a lokacin, ba a jira gari ya waye ba.