Shekara uku yana jiran JAMB

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare shekara 3 ke nan, yanzu shekararsa 21. Ba shi da kiredit a Lissafi, ya zana JAMB sau biyu bai samu gurbi ba. Ya ƙi koyon sana'a, wai za ta ɓata masa karatu. Kullum yana majalisa. Ina mafita?
Wata uwa daga Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sake saya masa fom ɗin JAMB sai an gyara Lissafin. Yawancin kwasa-kwasai na neman kiredit 5, har da Turanci da Lissafi. Ko ya ci maki 250, wajen tantancewa za a tsayar da shi, kuma sakamakon JAMB ba ya wuce shekararsa. Sai ya yi rajistar NECO ta 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara. Jami'o'i da yawa na karɓar haɗin sakamakon jarrabawa na zama biyu, sai dai a irin su likitanci wasu kan nemi zama ɗaya.

Abin da ya fi damun mu shekarunsa ne. Ɗaukar kuratan soja kan tsaya a 22, amma mai takardar sana'a ana karɓarsa har 26. Wanda kuma ya kammala digiri bayan ya haura 30 ba ya zuwa bautar ƙasa.

Don haka ya shiga shago yanzu: walda, haɗa sola, gyaran waya, wanda ransa ya kwanta da shi. Mahaifinsa ko kawunsa ya kai shi da kansa, a yi magana da maigidan gaban shaida: shekara nawa, ƙarfe nawa ake tashi, akwai kuɗin abinci ko babu, da yamma nawa za a bar masa a mako don darasi. A nan ake yawan yin sake. Sai yaro ya shekara yana sharar shago da sayo wa manya shinkafa da wake, bai taɓa riƙe injin walda ba. Bayan wata 3 ki tambaye shi me ya haɗa da hannunsa; in babu, a sauya masa wuri.

In hannunsa ya faɗa, ya zana gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga mataki na 3 zuwa na 1. Ya kuma leƙa ofishin NDE, hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, na jiharku. In kiredit ɗin ya cika, Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, ba ta neman makin JAMB, zai iya karatu yana shagonsa.