Tambayoyinku Kan Fasaha: Waya Za Ta Iya Nemo Mini Kakannina?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan salsalar gida suka zo, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya rubuto: "Malam, ina so in haɗa salsalar gidanmu. Na kai kan kakan mahaifina na tsaya. Wace manhaja zan sauke ta nemo mini sauran?"

Ɗan'uwa, babu manhajar da za ta yi maka wannan. Manyan manhajojin salsala irin su Ancestry da MyHeritage da FamilySearch an gina su ne a kan takardun ƙidaya, da rajistar coci-coci, da jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa na Turai da Amurka. Namu kakannin ba su shiga waɗannan kundaye ba. Suna cikin kan goggonka da kawunka, da tsohuwar nan ta ƙuryar gida wadda ake gaishewa a wuce. Manhajar da za ta fi yi maka amfani tana cikin wayarka tun ranar da ka saye ta: ta ɗaukar murya.

Ka je da la'asar, lokacin da gida ya lafa. Ka rufe layin wayar kada kira ya katse ku, a kashe fanka, ka ɗora wayar a kan matashi kusa da tsohuwar. Kafin ta fara, ka faɗi kwanan wata da garin da kuke da sunanta, don bayan shekara ashirin mai saurare ya san muryar wa yake ji. Kada ka ce mata "wace shekara aka haifi Baba?" Ba haka take lissafi ba. Ka tambaye ta wane sarki ke ci. In ta ce zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ka san tsakanin 1938 da 1988 ne, sai ka ƙara matsewa: kafin zuwan Sarauniya na 1956 ko bayansa? An karɓi tuta a 1960? An kashe Sardauna, wato Janairun 1966? Ana kashe fam da sule ne, ko naira ta shigo a 1973? Da haka za ka rage shekara hamsin ta koma uku ko huɗu.

Ka kuma kula da alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, kada ka matsa mata; ka ɗauki "Malam" ko "mai sunan Malam" ɗin yadda ta faɗa, ka nemi sunan a bakin wani. Kowane mutum ka tambayi sunansa na yanka da laƙabinsa, domin Tanko ko Ɗanjuma da kowa ya sani yana iya zama Muhammadu a takarda. Ka tambayi tsagar gidan, da sana'ar gado, rini ce ko ƙira ko jima ko fatauci, da kirarin da ake yi musu. Sau da yawa layi ɗaya na kirari yana riƙe da sunan garin da aka taso. Mata kuwa su ne suka san ɗakuna: wace ce ta haifi wane, wa aka ba riƙo, wa ya sha nonon wa.

Ni nan da nake ba ka shawara na yi asara. Na ɗauki kakata tana ba da labarin yadda mahaifinta ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, amma na bar muryar a cikin WhatsApp kawai. Aka ɗauke wayar a tasha, kuma damina ba ta zagayo ba Allah Ya yi mata rasuwa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu. Saboda haka a daren da ka ɗauka, ka ɗora a Google Drive, ka saka a filashi, ka tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Awa ɗaya ta murya mai kyau ba ta cika wuce megabayit 60 ba, Google kuma yana ba da gigabayit 15 kyauta.

Bayan sunaye sun taru ne ake maganar manhaja. A kwamfuta ina son Gramps: kyauta ce, ba ta cin data, kuma tana karɓar mutum ɗaya da mata huɗu kowacce da 'ya'yanta. Duk wadda ka zaɓa, ka tabbata tana fitar da fayil ɗin GEDCOM, shi ne zai ba ka damar ƙaura da aikinka zuwa wata. FamilySearch ma kyauta ce, sai dai ka shiga da sani: ta Cocin Momon ce da ke jihar Yuta a Amurka, suna tattara salsala ne saboda aƙidarsu ta yi wa magabatansu baftisma, kuma duk mamacin da ka shigar kowa zai iya gani, har ya gyara maka.

Wata Hajiya daga Damagaram ta ce ta samu tsofaffin hotuna da takardun ajami a adakar mahaifiyarta, tana tambayar yadda za ta adana su, da ko waya za ta karanta mata rubutun.

Hajiya, abu na farko, kada a kai su shago a liƙe su da leda mai zafi, kada kuma a manna musu salatif. Duka biyun suna kashe takarda. Ki shimfiɗa su a inuwa mai haske, ban da fitilar kyamara. Don hotuna akwai PhotoScan ta Google, wadda ke sa ki ɗauki kusurwa huɗu ta haɗe su ta cire ƙyalli. Ki ɗauki bayan hoton ma, nan ake samun hatimin mai hoto da sunan gari. In za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa kaifi. Manhajojin da ke saka wa tsohon hoto launi ko su sa fuska ta motsa ƙirƙira suke yi, ba su san launin rawanin kakanki ba. Ki ajiye na asali daban.

Ajami kuwa, Google Lens, mai karanta rubutu ta kyamarar waya, yana ƙoƙari da Larabcin ɗab'i, amma rubutun hannu irin na malaman zaure ya fi ƙarfinsa. Ki nemi malamin da ya yi karatun allo ya karanta a bayyane, ki ɗauki muryarsa. In takardun suna da yawa, cibiyar bincike ta IRSH da ke Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Daga Jos: "Kakanmu ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Akwai inda zan duba?"

Akwai, kuma a nan intanet yana da abin faɗa. Dakarun Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a runduna ta 81 da ta 82. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Kwamanwel, CWGC, ta saka sunayen waɗanda suka rasu a shafinta, ana bincikawa kyauta. Abin tunawa na Rangun da ke can Bama kaɗai yana ɗauke da suna kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Najeriya a ciki. Wahalar ita ce yadda magatakardan soja suka rubuta sunaye: Ahmadu ya koma Amadu, Garba ya koma Garuba, sunan uba kuma sau da yawa sunan gari ne, Musa Kano, Ali Bauchi. Ka gwada kowane salo. In an bar lambarsa ta soja a jikin wata takarda ko lambar yabo a gida, da ita za ka tantance shi a cikin masu suna ɗaya. In kuma gidanku na sarauta ne, Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa masu jerin hakimai da dagatai, amma sai an je da ƙafa.

Tambaya ta ƙarshe daga Kumasi: "Ana cewa mu sharifai ne. Gwajin DNA zai tabbatar?"

Ba zai tabbatar ba, Malam. Gwajin yawu da kamfanoni ke sayarwa yana kwatanta ka ne da mutanen da ke cikin rumbunsu, mafi yawansu 'yan asalin Turai. Zai ce maka kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali, ba zai ce Katsina ko Gobir ba, balle ya kama sunan mutum. Inda yake da ƙarfi shi ne gano dangi na kusa, har kamar kaka na biyar, kuma sai in su ma sun yi gwajin.

Ka kuma auna abin da kake miƙawa. A 2023 an yi wa kamfanin gwajin DNA na 23andMe kutse aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7, a Maris na 2025 kuma ya shigar da takardar karayar arziki. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisa ta hanyar DNA ɗin danginsa na nesa da ke GEDmatch, shafin da mutane ke ɗora sakamakon gwajinsu don neman dangi. Jininka ba naka ba ne kai kaɗai, na 'yan'uwanka ne da 'ya'yanka. Sakamako kuma yana iya fito da abin da zai girgiza gida, alhali nasaba a Musulunci tana da nata ƙa'idoji, don haka ka zauna da malami da manyan gidanku kafin ka tofa yawu a kwalba. Kuɗin gwajin da na aikawa, da ni ne, motar Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta Gwanja, zan shiga da su in nemi tsofaffin zango.