Amsa ga ɗiyata kan maigidanta da taba

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni nan Argungu. Kin ce tarin maigidanki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita a Birnin Kebbi ya ce ya bar taba, shi ma ya ce yana so, amma kullum sai ya koma. Kina tambaya ko a al'adarmu mace na da bakin yi wa mijinta magana a kan wannan, tunda surukarki ta ce ba hurumin mace ba ne.

Kina da baki. Abin da al'ada ta hana shi ne ki tozarta shi. Ba a yi wa magidanci faɗa gaban 'ya'yansa ko baƙinsa, ba a kuma kai ƙararsa gidanku tun ba a gwada cikin ɗaki ba. Ina jin abin da surukarki ke tsoro ke nan, kuma tana da gaskiya a wannan gefen. Amma ki zauna kina kallo hayaƙi na cin ƙirjinsa da na yaranki, wannan ba kunya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, a gefen mai sha kawai suke zaune.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Mun tashi mun ga tsofaffi da lofe, wasu na cusa garin taba da kanwa a leɓe, mata na goga fure a haƙora bayan sun ci goro. Sai dai akwai wata ƙa'ida da kowa ya sani: yaro ba ya shan taba gaban babba. Har yau haka ne. Ki lura da mijinki ranar da ya je gaida mahaifinsa. Zai wuni a zaure, a ci tuwo, a yi la'asar, bai ko taɓa aljihu ba. Haka da azumi, daga asuba har faɗuwar rana. Mutumin nan da ke cewa ba ya iya awa biyu babu ita! Wannan ya nuna miki jarabar kashi biyu ce. Akwai ta jini, wato nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu da zuƙa, jiki ya saba yana nema. Akwai kuma ta sabo, wadda ke ɗaure da wuri da lokaci da mutane. Ta biyun nan ita ce kike da hannu a kai, kuma a kanta masu ba da shawara a asibiti suka fi tsayawa.

Ki fara da ido, ba da baki ba. Mako guda ki lura da lokutan da yake kunnawa: bayan ya tashi, bayan cin abinci, a teburin mai shayi da dare, ko in an ɓata masa rai a kasuwa. Sannan ki sami daren da ya ƙoshi, hankalinsa kwance, yara sun yi barci, ki tambaye shi wane kara ne ya fi masa wuyar bari. Ki bar shi ya yi magana. Shi zai zaɓi ranar dainawa, kada ta wuce mako biyu, don ranar da aka kai nesa ba ta zuwa. Daren jajibirin ranar a fitar da kwali da ashana daga aljihu da ƙarƙashin sirdin babur, a wanke riguna da hular da suka kama wari.

Kowane lokaci da kuka gano, a sa masa wani abu a gurbinsa. In ya gama cin abinci kada ya zauna a tabarmar nan, ya tashi ya wanke baki, ki miƙa masa asawaki. Hannu da baki sun saba da aiki, to a ba su. Sha'awar in ta taso ba ta daɗewa, 'yan mintoci ne ta lafa ko an sha ko ba a sha ba. Ya sha ruwa a hankali, ya ja numfashi, ya yi alwala, ya taka zuwa bakin titi ya dawo. Goro kuwa ki duba: in da shi yake haɗa taba, to goron ma kiranta yake yi, gara gyaɗa ko dabino.

Teburin mai shayi shi ne babban tarko. Can abokai suke, can mai tireda ke sayar da ita kara-kara, duk da dokar taba ta 2015 ta hana hakan, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Don haka ko a yanzu kada a ƙara aiken yaro sayenta. Ba za ki raba shi da majalisarsa har abada ba, ba ma daidai ba ne. Hutun wata guda kawai ki roƙa, ki riƙa dafa shayin a gida. A nan ne al'ada ta ba ki 'yan aike. Taubashinsa na iya gaya masa abin da ke ba za ki iya ba, a yi dariya, maganar ta shiga. Amininsa da ya yi masa abokin ango shi zai shaida wa majalisa cewa wane ya ajiye, kada wanda ya miƙa masa. Namiji in ya furta abu gaban tsaransa, yana jin nauyin warwarewa.

Kwana ukun farko zuwa mako za ki ga faɗa ba dalili, rashin barci, ciwon kai, yawan ci. Ba ke ya tsana ba. Yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu abin ke sauka. Kuɗin tabar kullum a riƙa jefawa asusu, a fasa a ƙarshen wata ya ga abin da ya taru da idonsa.

In ya zame ya sha kara ɗaya, kada ki ce "na san za a rina". Akasarin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da yawa. Ki tambaye shi ina ne, da wa, me ya faru, a toshe wannan ƙofar, a ci gaba washegari.

Za a zo miki da shawarar ki barbaɗa masa wani gari a abinci a ɓoye don ya tsani taba. Kada ki yi. Ranar da ya gane, kin rasa yardarsa, ga shi ba ki san me ke ciki ba. Kada kuma ya musanya sigari da garin taba ko shisha, duk nikotin ɗin ne. In abin ya fi ƙarfinsa, ku koma wurin likitan nan ko babban asibitin gwamnatin tarayya da ke Birnin Kebbi, ku tambayi cingam na nikotin ko facinsa da ake liƙawa a fata. Shawara da magani in aka haɗa sun fi kowanne shi kaɗai aiki. Tarin kuma a auna shi, a duba ko da tarin fuka.

Surukarki ki bar ni da ita, zan kira ta bayan sallar Juma'a. Ki gaida maigidan da yaran.

Gwaggonki.