Walimar sauka a tsakar gida: yadda na yi tawa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Barka da arziki, Allah ya sanya wa karatun yarinya albarka, ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya. Tun da safe na ga tambayarki, cewa 'yarki za ta yi sauka nan da mako uku, kina son yi mata walima a gida mai tsari irin wadda ake gani a Instagram, amma mai kwalliyar wuri ta yanka miki kuɗin da ya fi duk abin da kika tanada. Na bari sai da na sauke tukunya na samu wuri na zauna, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Sau uku ina yin irin wannan hidima a tsakar gidana a nan Kano, biyu na sauka ɗaya na suna. A ta farko na ji jiki, sai a ta uku na ce na iya.

Kin fara lissafi daga ado, ni kuma ina ganin ba can kuɗin yake tafiya ba. Lokacin da kika sa da yawan bakin da za su ci, su ne ke cinye aljihu. Idan kika ce wa mutane ƙarfe 1 na rana, to kin ɗauki alkawarin abincin rana ko ba ki faɗa ba, sai shinkafa, sai nama, sai mai dafawa, sai robobin zubawa. Ki ce bayan la'asar, ƙarfe 4:30. Kowa ya ci abincinsa a gida kafin ya fito, kuma kiran magariba shi zai tashi taron ba tare da kin sallami kowa ba. Kusan awa biyu ce, kuma a awa biyu kayan ƙwalam da abin sha mai sanyi sun wadatar, babu wadda za ta tafi tana gunaguni.

Sai yawan mutane. Ki ɗauki biro ki rubuta sunayen waɗanda za ki gayyata, abin da kika samu ki ninka shi biyu. Mace ba ta zuwa walima ita kaɗai. Da goyonta, da na hannu, da ƙanwar miji da ta ce bari ta raka ta. Ga 'yan gayyar soɗi, ga yaran layi da za su cika ƙofar gida da zarar sun ji ƙamshin suya, kuma ranar saukar Alƙur'ani ba ranar korar yaro ba ce. A walimata ta farko mutum 30 na rubuta, na yi ƙulli 35 ina ganin na yi dabara. Kafin ƙarfe 5 babu ko ɗaya, na koma ina aika yaro shago sayo biskit, kuɗin da na ce zan rage na kashe shi har da ƙari.

Kuɗin da ke hannunki ki raba shi goma. Bakwai na ciki, ɗaya na ado, biyu ki ɗaure a bakin zani kada ki taɓa sai ranar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin safe daban na yamma daban, waɗannan biyun su za su rufa miki asiri.

Yanzu adon. Abin da ke sa ki ga hoton wuri ki ce an tsara shi ba tsadar kaya ba ce, abu guda aka ɗauka aka bi shi tun daga bango har ledar rabo. Ke kuwa naki yana hannu, ba sai kin je neman na wasu ba: allo da tawada. Ni shi na yi wa babbar 'yata. Na je wajen mai shagon layinmu na karɓo kwalayen taliya da na sabulu da ya gama da su, na ɗora allon yarinyar a kai na zana siffarsa da fensir, na yanka guda ɗaya, sauran kuma yara suka bi shi da almakashi. Muka yi manya 6, ƙanana kamar tafin hannu kusan 40. Gam ban saya ba, fulawa cokali uku na dama da ruwa na ɗora a wuta har ta yi kauri kamar koko, da ita muka liƙa farar takarda a fuskar kowane allo. Gefe-gefen kuma muka yi masa zane irin na allon zayyana, ja da kore da ruwan ɗorawa, da kalar yara ta makaranta. Dare uku muna yi bayan isha'i, yaran har faɗa suke a kan wa zai riƙe almakashi.

A nan ki kula da abu ɗaya, don Allah. Kada a rubuta aya ko sunan Allah a kan waɗannan kwalaye. Bayan taro ƙasa za su zube, yara su tattaka, gobe a share a kai bola. Sunan yarinya da "Barka da sauka" sun isa. Allonta na gaskiya, wanda malam ya yi wa zayyana, shi za a ɗora a tsakiya a kan abu mai tsayi, kuma ki sa babba ɗaya ya zuba masa ido.

Kada ki ce za ki ƙawata gida duka, za ki gaji kuma ba zai fito ba. Bango ɗaya za ki zaɓa, wanda rana ba ta dukansa da yamma, nan mai sauka za ta zauna, nan kowa zai tsaya hoto. Na ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa ƙusar da ke jikin bangon tun da, saboda gidan haya ne ba na son magana da mai gida, na rataya farin zanin gado na kama shi da abin maƙale shanya. Manyan allunan na ɗinke su a jikin zanin da allura da zare, ƙananan na zira su a zare suka zama kamar sarƙa daga sama. Tsakaninsu na sa faifai masu kala guda 8. Huɗu nawa ne, huɗu na aro wajen kakar maigida, irin na da masu saƙa ƙanana. Idan babu a danginku, Kasuwar Kurmi ba ta rasa faifai da ƙwarya da ludayi da mafici, kuma abu ne da za ki ci gaba da amfani da shi a kicin bayan taro, ba kamar furen roba ba. Ki leƙa wajen telanki ma ki ce ya tara miki ragowar ƙyallaye na kalar da kika zaɓa, a yanka su kusurwa uku a ɗinke a jikin igiya. Kala biyu, in ta yi yawa uku. Da zarar sun wuce haka wurin ya koma shagon 'yan Kwari.

Balan-balan kuwa ni na sallama masa. A walimar farko, cikin watan Afrilu, muka hura guda 50 tun da hantsi har kumatunmu suka yi ciwo. Zafin Kano bai bar su ba, muna cikin ɗaki muna jin fas, fas, ɗaya bayan ɗaya, kafin baƙi su zo saura 'yan tsiraru sun yamushe kamar tsohuwar yalo. Idan yarinya ta nace, ki sayi leda ɗaya, a hura bayan azahar, a ɗaure a inuwa. In kuma lokacin hunturu ne, iska ce abokiyar gabarki, duk abin takarda sai an ɗaure shi sama da ƙasa.

Hayar kujeru da rumfa ki manta da ita. Tabarma da darduma, naki da na maƙwabta. Kujera uku ko huɗu a gefe saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa, sai ta mai sauka da za a lulluɓe da sallaya mai kyau ko mayafi. Walimar karatu a ƙasa ta fi kyau ma, malama na wa'azi kowa na zaune a natse.

Wannan tsarin ba na sauka kaɗai ba ne. Sunan ƙanwata ƙwarya muka bi: fura da nono a manyan ƙore, ludayi a hannun kowa, faifai a bango, ba mu sayi kofi ko ɗaya ba. Sai dai ki kiyayi abin da ake kira ƙauyawa de, wato shagalin biki da ake yin shigar mutanen ƙauye, hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana shi a 2025, kada garin neman salo ki jawo wa kanki magana.

To, ɓangaren ciki, inda bakwai ɗin nan za su tafi. Ki zaɓi busassu uku da za su jure ajiya, mai zafi ɗaya na ranar, abin sha ɗaya ko biyu. Dubulan da alkaki ki bar wa amare, aikinsu ya fi ƙarfin mace ɗaya kuma suna shan mai. Gullisuwa da tuwon madara yara na son su kamar me, amma madarar gari ta yi tsada, in za ki yi to kaɗan, biyu-biyu a leda don ado.

Cincin shi ne uwar tafiya. Ki yi shi tun saura kwana biyar, idan ya soyu sosai ya huce sarai kafin a rufe shi a bokiti, zai yi mako biyu bai canza ba. Ki yanka shi ƙanana, ƙanana sun fi auki kuma sun fi saurin soyuwa har ciki. Kuskuren da na taɓa yi shi ne cika masa bota da ƙwai don ya yi daɗi, sai ya dinga kumfa a kasko yana farfashewa, man ya yi baƙi tun ban kai rabi ba. Fulawa, sukari da man suya ki haɗa kai da wata maƙwabciya ku saya a kasuwar Singa ku raba, ya fi awo gwangwani-gwangwani a shago.

Na biyu gugguru. Babu abin da ya kai shi cika leda da kuɗi kaɗan. Gwangwani ɗaya na masarar gugguru sai ya cika miki babbar roba. Tukunya mai murfi, mai cokali biyu, sukari kaɗan, kina girgizawa kada ya kama. Shi dai ba ya son iska, ana gobe za ki yi shi ki ƙulle nan take, in ba haka ba ya yi laushi kamar soso. Ki haɗa shi da soyayyar gyaɗa.

Na uku kantun riɗi. A wanke riɗin a rege shi sosai saboda tsakuwa, a shanya, a soya sama-sama har ya fara ƙamshi. A narka sukari a wata tukunya, a juye riɗin a juya da sauri, a zube a faranti da aka shafa wa mai, a murza da kwalba. Ki yanka tun da zafinsa, idan ya huce sai dai ki fasa da taɓarya. Ni dogaye na yanka su, na ce wa yara alƙalami ne, suka yi ta murna. Cincin ɗin ma wasu na yanka su da ɗan kai kamar allo, guda ɗaya a kowace leda, ba duka ba, don wannan aikin sai mai haƙuri.

Mai zafi na ranar, awara ko fanke. Awara ta fi arha idan za ki yi da kanki: a jiƙa waken suya, a kai markaɗe, a tace, a dafa, a zuba ruwan tsami, a matse tun ana gobe da dare, ranar suya kawai ta rage. Yaji mai daɗi a gefe. Amma ba ke za ki tsaya a gaban kasko ba, ke uwar mai sauka ce, baƙi ke suke nema. Ki ba ƙanwarki ko wata aminiya wannan aikin tun da wuri, ki faɗa mata ƙarara, kada ki bari sai ranar ki ce ai za su taimaka.

Abin sha, zoɓo. A dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari, a ƙulla. Ki guji kunun aya, ina faɗa miki da babbar murya. Na taɓa yin bokiti guda ana gobe walima, da dabino da kwakwa, na sa a firji na kwanta ina jin daɗi. Cikin dare aka ɗauke wuta. Da na buɗe da hantsi tsaminsa ne ya fara yi min sallama, haka na tuttular da shi a kwata ina hawaye. Aya ba ta yafiya idan babu sanyi. Zoɓo da lemon tsamiya sun fi ta haƙuri nesa ba kusa ba. Kuma kada ki dogara da firjinki, ki yi magana da mai ƙanƙara tun ana jibi, a kawo miki da azahar, ki jera ƙullin a kula ko baho ki rufe da buhu.

Rabo kuma kada ki zuba a tire ki ce kowa ya ɗiba. Mutum biyar na farko za su kwashe, sauran su bi ki da ido. Busassun duka a ƙulle a farar leda tun dare, kowace leda iri ɗaya, a ɗaure bakinta da zare a maƙala ƙaramin allon kwali mai sunan yarinya. Wannan ɗan allon shi ne abin da mutane suka fi yi min magana a kansa, alhali bai ci ko sisi ba. Ki ware leda 15 ki kulle a ɗaki, na malamanta, na surukai, da na maƙwabciyar da ba ta samu fitowa ba. Na yaran waje kuma gugguru da cincin a ƙananan ƙulli, a ba wani saurayi ya tsaya a zaure ya sa su layi.

Ita mai saukar ki tambaye ta kalar da take so kafin ki yanke komai, ranarta ce. Tawa kore ta ce, ni ina son ruwan goro, na bi nata, kuma ya fi kyau a hoto.

Duk abin da kika aro ki rubuta a takarda, ki ɗiga masa jan farce a ƙasa don a gane na wane gida ne, kuma ki sauke su daga bango da kanki kafin a fara sallama. Ni na bari sai bayan isha'i, na ƙirga faifan kakar maigida na ga uku maimakon huɗu. Na sayo mata sabo a Kurmi, ta juya shi gaba da baya ta ce wannan ai saƙar 'yan yanzu ce. Yau shekara huɗu, duk ranar da na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko an ga faifanta.