Amsa: Wata nawa kwas ɗin CNA (wato mataimakiyar nas mai takardar shaida) yake ɗauka a Amurka?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sai da digiri, da kuma tsawon karatun. Ba ruwansa da digiri. Dokar tarayya ta 1987 ta ce aƙalla awa 75, ciki har da awa 16 na koyon aiki da hannu, amma kowace jiha tana iya ƙarawa. Kalifoniya awa 160 take nema. Don haka fara duba dokar jiharki, galibi dai wata ɗaya zuwa uku ne.

Kafin ki biya ko sisi, leƙa gidajen kula da tsofaffi na kusa da ke. Idan sun ɗauke ki aiki, doka ta hana su karɓar kuɗin horon a hannunki.

Jarrabawa kashi biyu ce, ta rubutu da ta gwaji. A ta biyun ake zubar da mutane, kuma a kan ƙananan abubuwa: cuɗa hannu da sabulu daƙiƙa 20, kulle tayar keken majinyaci kafin ki ɗaga shi, ajiye masa ƙararrawar kira inda hannunsa zai kai.

Aikin kam akwai wanka da canza ƙunzugun manya, har da maza. Ki tambayi kanki tun yanzu ko za ki iya.